Neman Binciken Albasa a Rumbunan Jami'o'i Lokaci Guda: Lamarin Wata Ɗaliba a Tahoua

Asalin lamarin

Ɗalibar da wannan nazari ya shafa 'yar wani ƙauye ce da ke kusa da Galmi, a kan babbar hanyar da ta haɗa Birnin Konni da Madaoua, kuma a lokacin tana shekara ta biyu ta karatun mastar a fannin aikin gona a garin Tahoua. Batun kundinta shi ne asarar da manoma ke yi wajen ajiye albasa a rudu, wato ɗan ɗakin kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa domin iska ta riƙa ratsa albasar. Duk wanda ya tashi a yankin ya san abin da ya sa batun ke da nauyi. Albasar rani tana fitowa kusan gaba ɗaya tsakanin Fabrairu da Afrilu, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, sai wanda ya iya riƙe tasa har damina ta yi nisa ya ga riba, muddin ruɓewa da tsiro da bushewa ba su riga shi cinye ajiyar ba.

Kayan aikinta kaɗan ne: kwamfuta ta hannu da ta saya a wurin wani ɗalibi da ya gama, da waya da take haɗa intanet da ita, da kuɗin data da ba su wuce jika biyu na sefa a mako ba. Tana karanta Faransanci sosai, Ingilishi kuwa sai da ƙamus a gefe.

Nuwamba: babin da aka mayar mata

A mako na biyu na Nuwamba ta miƙa wa malamin da ke duba aikinta babin bitar ayyukan da suka gabata. Ayyuka 14 ta ambata, kuma 9 daga cikinsu shafukan intanet ne da babu sunan marubuci ko shekara. Malamin ya mayar mata da babin bayan kwana uku, ya ce: "Ɗiyata, ba jiya aka fara rubutu a kan albasar Galmi ba. Akwai waɗanda suka auna abin da kike son aunawa tun kafin a haife ki. Ki nemo su tukuna." Ta ce, "To, Malam, ina zan same su?" Ya ce ta fara da kundayen digiri, domin a cikinsu ne ake bayyana yadda aka yi awo dalla-dalla, abin da muƙalar mujalla kan taƙaita a sakin layi ɗaya. Ya ba ta wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu.

Jami'o'i da cibiyoyin bincike da yawa suna da ma'ajiya a intanet inda suke zuba kundayen ɗalibansu da rubuce-rubucen malamansu domin kowa ya karanta kyauta. A wannan rubutu za a kira irin wannan ma'ajiya rumbu. Da yawa daga cikinsu an gina su ne da manhajar DSpace, wadda jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin HP suka fitar a 2002, ko da EPrints ta jami'ar Southampton ta Ingila, wadda ta fito a 2000. Kowane rumbu yana da adireshinsa da akwatin nemansa.

Disamba: rumbu bayan rumbu

Hanyar farko da ta bi ita ce shiga rumbunan ɗaya bayan ɗaya. Ta fara da na Faransa, saboda harshe: HAL, wanda cibiyar bincike ta CNRS ta buɗe a 2001, da theses.fr, wanda ke ɗauke da bayanin kundayen dakta da aka kare a Faransa tun daga 1985, da Horizon na cibiyar IRD, da Agritrop na cibiyar Cirad. Daga nan ta shiga DICAMES, rumbun hukumar CAMES ta manyan makarantun Afirka mai hedkwata a Wagadugu, wadda Nijar take cikin ƙasashenta, sannan ta leƙa rumbun Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Cikin mako uku ta shiga rumbuna 9, ta sami ayyuka 22 da suka taɓa batunta, ta rubuta sunayensu a littafi da biro.

Wannan ya fi abin da take da shi a Nuwamba, amma hanyar ta tsaya saboda dalilai biyu. Na farko, kowane rumbu sai an koyi halinsa: wani yana neman kalma a take kawai, wani a dukkan bayanin, wani kuma shafinsa yana da nauyi har data ta ƙare kafin ya gama buɗewa. Na biyu, kuma shi ne babba, ba ta iya shiga sai rumbun da ta riga ta ji sunansa. Ɗan Nijar da ya yi karatu a Beljiyam ko Holan ko Maroko, ya rubuta kundinsa a kan fadamar Tarka, aikinsa yana rumbun jami'ar da ya yi karatu, kuma babu abin da zai sa ɗaliba a Tahoua ta yi tunanin ƙwanƙwasa wannan ƙofar. Ta gwada Google Scholar, shafin Google na neman rubuce-rubucen ilimi, ya ba ta muƙaloli da yawa, amma rabonta a cikinsu kaɗan ne domin da dama sai an biya, kuma babu wurin da za ta ce masa kundayen digiri kawai take so.

Janairu: ƙofa ɗaya, da abin da ya fito ta cikinta

A farkon Janairu wani ma'aikacin ɗakin karatu, dattijo da ya daɗe yana aikin jera katunan littattafai, ya nuna mata BASE da CORE, shafuka biyu da ke ba mutum damar neman aiki a rumbuna da yawa lokaci guda. BASE na ɗakin karatun jami'ar Bielefeld ta Jamus ne, an buɗe shi a 2004, kuma yana ɗauke da bayanin rubuce-rubuce fiye da miliyan 300 daga ma'ajiyoyi fiye da 10,000. CORE kuma a jami'ar Open University ta Ingila ake kula da shi. Dukansu kyauta ne.

Yadda suke aiki yana buƙatar bayani, domin duk abin da ya biyo baya a kansa ya dogara. Idan mutum ya rubuta kalma a BASE, ba wai a wannan lokacin ne ake zagaya rumbuna dubu goma ana tambayarsu ba. An riga an zagaya. Kowane aiki da aka zuba a rumbu yana da katin bayani, kamar katin da ke cikin akwatin tsohon ɗakin karatu: take, sunan marubuci, shekara, harshe, nau'in aiki, muhimman kalmomi, taƙaitawa. Tsarin katin da aka fi amfani da shi ana kiransa Dublin Core, mai gurabe 15. Akwai kuma ƙa'idar musayar katuna tsakanin na'urori mai suna OAI-PMH, wadda ta fito a 2001, aka sabunta ta a 2002. Rumbun da ya buɗe wannan kafa, kuma aka yi masa rajista, na'urar BASE takan zo lokaci zuwa lokaci ta kwashi katunansa ta haɗa da na sauran. Saboda haka nema yake da sauri ko da rezo ba shi da ƙarfi. Kuma saboda haka ne abin da BASE ke dubawa galibi katin ne kawai, ba cikin kundin ba. CORE yana ƙara mataki ɗaya, domin yakan kwaso kundin kansa idan a buɗe yake, ya sa a iya neman kalma a cikin rubutunsa.

Gwajinta na farko ya ba ta haushi. Ta rubuta "oignon Niger", sannan "onion storage Niger", sai sakamako ya zo mata da yawan da ba za a iya karantawa ba, kuma mafi yawansa bai shafi ƙasarta ba. Wasu a kan Jihar Neja ta Najeriya suke, wasu a kan yankin Neja Delta, wasu a kan kogin. Abin da ya fi cika shafukan kuwa shi ne Aspergillus niger, wani naman gwari da ke haddasa baƙin furfura a jikin albasa, wanda aka yi rubutu a kansa a ko'ina cikin duniya. Kalmar "niger" a sunansa Latin ce mai ma'anar baƙi, amma na'ura harrufa take gani.

Gwaji na biyu shi ne taƙaita nema da ƙasa. Ta zaɓi Nijar, sai shafin ya zo kusan fayau. Ta ɗauka wannan shaida ce cewa ba a yi binciken ba, ta bar kayan aikin har kwana goma. Da ta koma wurin dattijon ya bayyana mata cewa ƙasar da ake nufi a wannan gurbi ita ce ƙasar da rumbun yake, ba ƙasar da aka yi bincike a kanta ba. Kundin da aka rubuta a kan Galmi aka kare a Montpellier, na Faransa ne a lissafin na'ura.

Gwaji na uku ya fi sauran wayo, kuma ya fi su ɓarna. Ta koyi sa alamar cirewa a gaban kalma, ta cire "Aspergillus" daga nema. Jerin ya ragu, ya yi kyan gani. Sai dai baƙin furfura yana cikin manyan abubuwan da ke ruɓar da albasa a ajiya, don haka aikin da ya fi kusa da batunta shi ne wanda ya fi yiwuwa ya ambaci wannan suna a taƙaitawarsa. Ta gano haka ne da ta lura biyu daga cikin kundayen da ta samu da hannu a Disamba sun ɓace daga sabon jerin. Littafin biro ɗin nan da ya zama kamar ɓata lokaci shi ya zama ma'aunin da take gwada kowane nema da shi.

Fabrairu: gyaran kalmomi

A mako na farko na Fabrairu ta zauna da dattijon suka ja layi uku a takarda. Layin farko sunan amfanin gonar ne: oignon, onion, Allium cepa, Violet de Galmi, albasa. Layi na biyu wuri ne, kuma a nan suka yanke shawarar barin sunan ƙasa gaba ɗaya su koma ga sunayen garuruwa da fadamu, kowane da rubutunsa iri-iri: Galmi, Tahoua da Tawa, Madaoua da Madawa, Konni da N'Konni, Maggia da Magia da Majiya, Ader da Adar, Tarka. Layi na uku matsalar ce: conservation, stockage, pertes, storage, rudu da roudou. Kowane nema yana ɗaukar kalma ɗaya daga layuka biyu ko uku, tana rubuta ranar da kalmomin da yawan abin da ya fito.

Kowane layi ya zo da nasa tarkon. Sunan Allium cepa yana da amfani domin Bafaranshe da Bature mai Ingilishi duk haka suke rubuta shi, amma idan aka neme shi shi kaɗai sai ya jawo tarin ayyuka a kan gwajin guba, domin masana suna amfani da saiwar albasa wajen gwada gurɓatar ruwa. Kalmar "conservation" a Faransanci ajiya take nufi, a Ingilishi kuwa ta fi karkata ga kare muhalli. Kalmar "albasa" ba ta fito da wani abin kirki a kan batun ba, abin da ya kamata ya dami duk mai tunanin wanda ake yi wa wannan bincike, amma wannan wata magana ce daban.

Sunan Violet de Galmi, wato irin albasar Galmi, ya kawo abin da ba ta nema ba kuma ya amfane ta. Irin ya bazu a Afirka ta Yamma, ana noma shi a Burkina Faso da Mali da Senegal, don haka ɗaliban can sun yi gwajin ajiya da irin da mahaifinta ke shukawa. Neman da ta yi da Ingilishi, da ta haɗa da Sokoto da Kebbi da Aliero, ya kawo kundaye daga jami'o'in Najeriya, daga yankin da yanayinsa da harshen manomansa suke kusa da na Konni. A CORE kuma, inda ake duba cikin rubutu, kalmar "rudu" ta fito da kundaye huɗu da katinsu bai ambaci ajiya ba sam, takensu a kan kasuwancin albasa yake, amma kowanne yana da sashe a kan yadda ake ajiye ta.

Cikin kwana 18 ta yi nema 41, ta tara katuna 312 a Zotero, manhajar da ake tara bayanin rubuce-rubuce a cikinta. Aiki ɗaya yakan fito sau biyu ko uku, domin yana HAL, yana rumbun jami'arsa, yana kuma na cibiyar da ta ɗauki nauyinsa. Bayan ta haɗe maimaici suka koma 190, bayan ta karanta take da taƙaitawa suka koma 60. Daga cikin waɗannan, 38 sun buɗe nan take. Sauran 22 kati ne kawai: wasu marubutan sun kulle kundin na wani lokaci, wasu kuma adireshin ya mutu. Ta rubuta wa marubuta 12 da ta sami hanyar tuntuɓarsu, 5 suka aiko mata da aikinsu. Daga ayyuka 22 na Disamba, 17 sun sake fitowa a sabon nema, 5 ba su fito ba ko da wace kalma.

Maris da Afrilu: abin da ba ya cikin kowane jeri

Wa'adin Fabrairu ya wuce ba ta gama ba, malamin ya ƙara mata zuwa ƙarshen Afrilu, ga kuma girbin albasa ya kama, dole ta kasance a ƙauye tana cika rudun gwaji. Karatun ya koma na dare.

A wannan karatun ne ta lura da wani abu. A ƙarshen kundayen da ta samu daga waje, marubutan suna ambaton kundayen ƙarshen karatu da aka rubuta a makarantun Nijar, wasu a kan ƙauyukan da ta sani da suna. Ta tattara take 16 irin wannan, ta nemi kowanne a BASE da CORE da Google Scholar da cikakken takensa, ko ɗaya bai fito ba. Dalilan a bayyane suke idan aka tuna yadda ake kwasar katuna. Kundin da yake takarda ce a kan kanta ba shi da kati a intanet. Wanda aka ɗora a shafin intanet na yau da kullum, ba a rumbu mai kafar musaya ba, na'urorin kwasar katuna ba sa zuwa su kwashi bayaninsa. Wanda aka ɗauki hoton shafukansa ba tare da an mai da su rubutu ba, ko an kwaso shi ba a iya neman kalma a cikinsa. Ta duba OpenDOAR, jerin rumbunan duniya da aka buɗe a 2005, ta ga jerin Najeriya ya fi na Nijar tsawo nesa ba kusa ba.

Takardun fasaha 6 ta samu a Duddal, ɗakin karatun intanet da ƙungiyar RECA ta majalisun manoma ke kula da shi. Kundaye 16 ɗin nan kuwa sai da tafiya. A mako na biyu na Afrilu ta hau mota zuwa Yamai, tafiyar kimanin kilomita 550, ta sauka a gidan goggonta, ta yi kwana huɗu tana zirga-zirga tsakanin ɗakunan karatu biyu. Ta sami 11 daga cikin 16, ta ɗauki hoton shafukan da take buƙata da waya. Uku an rubuta su a rajista amma ba a gan su a kan kanta ba, biyu kuma ba a taɓa jin labarinsu ba.

Mayu zuwa Disamba: sakamako

A farkon Mayu tana da ayyuka 65 a hannu, ta yi amfani da 52 a babin, malamin ya karɓa da gyara kaɗan. Abin da ya fi yawan ayyukan tasiri shi ne sauyin da ya shiga tsarin awonta. Da farko niyyarta ta auna albasar ranar zubawa da ranar fitarwa ta cire. Kundayen Burkina Faso da Senegal suka nuna mata amfanin auna ta duk bayan mako biyu, tare da ware asarar bushewa daban, ta ruɓewa daban, ta tsiro daban, domin kowace tana da lokacinta da maganinta. Da yake ta karanta su tun Maris, ta gyara tsarin kafin a rufe rudun. Ta ci gaba da awo har Satumba, ta kare kundinta a Disamba.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

A ganin mai wannan rubutu, BASE da CORE ba su gaza a Janairu ba, kuma ba su ne suka ci nasarar Fabrairu su kaɗai ba. Kayan aikin bai canza ba tsakanin watannin biyu. Abin da ya canza shi ne ɗalibar ta daina rubuta tambayarta yadda take a ranta, ta koma rubuta kalmomin da wani baƙo zai iya sa wa a kati, a harshensa da rubutunsa. Barin sunan ƙasa a koma ga Galmi da Tarka da Majiya shi ne gyaran da ya fi kowane tasiri, kuma ɗan Nijar ya fi kowa buƙatarsa, tunda sunan ƙasarsa yana tarayya da kogi da jiha da naman gwari.

Neman rumbu bayan rumbu na Disamba kuskure ne a matsayin hanya ta farko, amma ba asara ba ne, domin ba don jerin nan na 22 ba da ba ta gane ɓarnar cire kalma ba, kuma 5 daga ciki ta nan kaɗai suka zo. Da za a sake, abin da ya dace shi ne a fara da ƙofa ɗaya, a ga rumbunan da suka fi fitowa, sannan a shiga waɗannan kai tsaye. Mako uku za su koma kwanaki.

Ɓangaren da ya fi nauyi shi ne na Afrilu. Ayyuka 11 da ta ɗauko daga Yamai ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ta tara ba, amma a cikinsu ne kawai aka auna rudu na gaske a gonakin yankinta, kuma kwamitin da ya saurare ta a kansu ya fi yi mata tambaya. Ɗalibin da ba shi da kuɗin mota ko gidan sauka a Yamai zai rubuta babi mai kyan gani da kundayen Montpellier da Zariya, ba tare da ya san ya tsallake na ƙofar gidansa ba, domin jerin da na'ura ta ba shi ba ya nuna gurbin abin da ba a kwaso ba.

A nata kundin ta rubuta muhimman kalmomi da Faransanci da Ingilishi da Hausa, ta sa Galmi da Tahoua da Allium cepa da rudu a cikinsu, ta kuma cika takardar amincewa a zuba shi a rumbu. Kwafi biyu masu bango suna kan kanta a ɗakin karatu. A ranar da aka rufe wannan rubutu an nemi "rudu Galmi" a BASE, kundin bai fito ba tukuna.